Kunnen Sarkin Sauti

Zulaihat ba a bakin kowa ta fara jin sunan Alhaji Ɗanliti ba sai a bakin mai sunan, kuma ba tare da ta ga bakin ba. Tana 'yar ƙarama a lokacin, tana tsugune a tsakar gidansu a Darmanawa tana shan koko, sai wata murya ta faɗo daga sama kamar tsawar farkon damina: "Halo! Halo! Alhaji Ɗanliti ke magana! Na can baya, kuna ji na?"

Na can baya suna jin sa. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, koko ya zube. Mai maganar kuwa yana can Gyaɗi-Gyaɗi wajen wani ɗaurin aure, yana gwada kayan aikinsa. Gwaggo Furera, ƙanwar mahaifin Zulaihat, wadda take budurwa a lokacin, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Kakarsu ta dube ta, ta dubi sama, ta ce, "In dai wannan ne mai zuwa zance, a gaya masa ya huta da tahowa. Ya yi daga can, muna ji."

Bayan 'yan watanni aka ɗaura aure. Ango da kansa ya kawo lasifikar bikin.

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin barcin rana a ƙasar Tarauni ya san Alhaji Ɗanliti. Mutum ne mai cikar zati, ga tumbi, ga babbar riga, ga hula a karkace. Sana'arsa ba da hayar kayan sauti a ɗaurin aure da suna da walima da taron 'yan siyasa. A saman shagonsa an rubuta da manyan baƙi: Sarkin Sauti na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Kewaye. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa, ya kuma yi shelar naɗin da kayansa, don haka babu mai cewa bai ji ba. 'Yan adaidaita da ke jiran fasinja a bakin shagon suna kiran sa Sarki in yana kallon su, in ya juya baya kuma Alhaji Halo-Halo.

Sirrin gwanintarsa, kamar yadda yake faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba, shi ne kunnensa. "Yaran yanzu allura suke kallo a jikin inji," in ji shi. "Ni kunnena ne sikeli. Allah ya yi mini shi daban." In an jera baƙaƙen lasifikokin nan masu tsayin mutum, sai ya je gaban babbar cikinsu, ya kara kunne kamar mai sauraron sirri, ya yi ta murɗa abin ƙara murya yana halo-halo, har sai sautin ya gamsar da shi. Inda ya tsaya, sai ya ɗiga jan fenti a jikin amfilifaya, injin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Wannan ɗigon shi ne doka, ba mai taɓawa.

Sai dai ɗigon ba ya zama wuri ɗaya. Bayan 'yan shekaru sai ya matsa gaba. Zulaihat, wadda ta dawo hannun Gwaggo Furera da za ta shiga sakandare, Allah ya yi ta da riƙe tarihin dangi. Ita ake tambaya wa ya girmi wa, wa ya sha nonon wa. Ta san ɗige-ɗigen nan kamar 'yan uwanta. Na ƙasa, wanda ya koɗe, Gwaggo ta ce na shekarar aurenta ne. Mai bi masa na sunan Bilkisu ne, 'yar Alhaji tilo. Akwai na shekarar da ya dawo daga Makka. Na ƙarshe kuwa ya kai bango, abin murɗawar ba shi da sauran wurin zuwa.

Alhaji yana da bayani a kan haka. "Kayan yanzu ba su da ƙwari. Lasifikar da, in ka yi tari a Gyaɗi-Gyaɗi sai an yi maka sannu daga Hotoro. Ta yanzu sai ka ƙure ta kafin ta buɗe baki. Mutanen ma haka. Kowa magana ciki-ciki, kamar sabon ango a gaban surukai. Rashin cin tuwo ne. Taliyar leda ta gama da muryar al'umma."

Kunnen nasa kan yi kuka, wani siririn fito da ba ya yankewa. Wannan ma ya fassara shi: ana ambatonsa ne a wani wuri. Tunda kukan ba ya tsayawa, ya tabbata ba a taɓa daina zancensa a Kano ba. In kunnen ya yi ƙaiƙayi, akwai gashin zabuwa a aljihun gaba kusa da biro. In gashin ya ɓata, makullin shago yana nan.

Kada a ɗauka ba a taɓa gaya masa ba. An gaya masa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma mu mutane ne masu ladabi. Yabo a tsaye ake yin sa, da ƙarfi, a gaban jama'a: "Sarkin Sauti! Tsawa uban aradu!" Gyara kuwa, in za a yi wa babba, sai an ja shi gefe, an rage tsawo, an sunkuyar da kai, an yi ƙasa da murya. Haka aka yi ta yi wa Alhaji shekara da shekaru. Yabon duk ya shiga, gyaran ko ɗaya bai iso ba. In ya ga mutum ya durƙusa a gabansa, sai ya jira har ya ɗago kai, ya ce masa, "Madalla." Mutane su tashi suna cewa ba su taɓa ganin dattijo mai karɓar gyara irinsa ba.

A cikin gida kam ladabi ya daɗe da haƙura, don tuwo ba zai jira ba. Gwaggo Furera, wadda aka kawo da murya kamar sarewa, ta koma in ta ce "Alhaji, ga ruwan wanka," sai maƙwabci ya duba banɗakinsa. Zulaihat ta zo gidan da maganar 'yan mata, kafin hutun farko ta goge. Bilkisu kuwa a ciki aka haife ta. Akwai ranar da wani sabon maƙwabci ya shigo a guje don rabon faɗa, ya tarar ana tambayar ko an sa gishiri a miya ne.

A haka aka zo shekarar da Bilkisu za ta yi saukar Alƙur'ani a Islamiyyar unguwa. Tun da aka kafa makarantar, Alhaji ne mai sautin bikin sauka. Bana kuwa 'yarsa ce a ciki, don haka tun da sauran lokaci ya fara goge lasifikoki da man gyaɗa.

Wata rana da yamma Malam Bello, shugaban kwamitin makarantar, ya yi sallama a zaure. Zulaihat ta kawo ruwa, ta tsaya bayan labule. Malam Bello ya zame daga tabarma, ya sunkuyar da kai, ya fara da murya irin ta mai ta'aziyya. Ya ce iyaye sun yi kuka. Bara ba su ji karatun 'ya'yansu da kunne ba, a haƙarƙari suka ji shi. Wata tsohuwa ta zo saukar jikanta da auduga a kunne. Kwamiti ya yanke shawarar bana wasu samari daga Tarauni za su kawo kaya, sai fa in Alhaji zai yarda a duba masa kunne a asibiti, a yi abin da likita ya ce. In an yi haka, aikin nasa ne, ba mai ja.

Ya ɗago kai. Alhaji ya ce, "Madalla."

Malam Bello ya tafi yana yaba haƙurin manya. Alhaji ya koma goge lasifika.

Zulaihat ta bar bayan labule. Ta hango ranar sauka: Alhaji ya iso da kurar turawa cike da kaya, da babbar riga, ya tarar da lasifikar wasu a kafe, a bikin 'yarsa, a gaban duk unguwa. Ta kai wa Gwaggo maganar. Gwaggo ta kama haɓa, ta ce da muryar da take ɗauka raɗa ce, "Ni ba zan iya ba, 'yar nan. In na buɗe baki, sai layin nan kaf sun ji kafin shi. Ke ce 'yar boko, ki san dabara."

Dabarar da ta samo tana da kyau, a gaskiya. Washegari da hantsi ta je shago, ta tura ƙofa ta rufe. Ta ɗauki makirufo, ta durƙusa a gabansa, ta sunkuyar da kai yadda tarbiyya ta ce, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ka gafarce ni, magana na zo da ita."

Maganar ta fito ta babbar lasifika, kwanon shago ya amsa. Alhaji ya washe baki. "Yauwa! Ga magana! Yau kin ci tuwo ke nan. Ina jin ki."

Ta faɗa masa komai, a hankali, cikin ladabi: zuwan Malam Bello, tsohuwa mai auduga, samarin Tarauni, sharaɗin asibiti. Ta ƙare da cewa, "Baba, ba kayan ba ne. Kunnen ne."

Abin da ta manta shi ne lasifikar talla da ke kan rufin shagon, wadda ba a taɓa cire wayarta ba. Da ta yi shiru, sai ta lura titi ma ya yi shiru. Babu hon, babu mai kiran fasinja. Can sai wani ɗan adaidaita ya ɗaga murya daga waje: "Allah ya ƙara sauƙi, Sarki!" Sauran suka amsa, "Amin!"

Zulaihat ta so ƙasa ta tsage. Alhaji ya daɗe yana kallon jan fentinsa. Sannan ya gyara hula, ya karɓi makirufo, tunda dai an riga an tara jama'a.

"Halo. Jama'a, za ni asibiti. Ba don wani abu ba, sai don likitocin nan su ma su ga kunne. Ana ta karantawa a littafi, ba a taɓa ganin na gaske ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zulaihat ta raka shi asibitin koyarwa, sashen kunne, wurin wata matashiyar likita mai suna Safiya. Aka leƙa kunnen da fitila, aka kwashe abin da gashin zabuwa ya yi shekaru yana turawa ciki. Sannan aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai taga ta gilashi, aka ɗora masa abin sauraro a kai, aka ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Alhaji ya harɗe hannuwa a kan tumbi, ya zauna kamar alƙali. Likita tana ta danne-danne, Alhaji yana ta jira a fara. Sai can wajen ƙarshe ya ɗan ɗaga yatsa, kamar mai ba da izini. Da aka buɗe ƙofa, ya fito yana girgiza kai cikin tausayi.

"'Yata, kayan nan naku sun mutu. Ki sa a kawo mini shago in duba muku. Ba zan karɓi komai ba, aikin al'umma ne."

Likita Safiya ba ta durƙusa ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta ja kujera ta zauna daf da shi, ta dube shi ido cikin ido, ta yi magana da ƙarfi, dalla-dalla. Ta ce ƙarar da ya yi shekaru yana kara wa kunnensa ce ta cinye jin a hankali, ga shekaru sun zo sun ɗora nasu. Ta ce fiton nan da yake ji ba ambato ba ne, kukan kunnen da ya gaji ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma wanda ya rage ana iya tallafa masa. Ta ce kuma ya ba ta gashin zabuwar. Ya ba ta, kamar mai miƙa takobi.

Da ta buɗe ɗan akwati ta fito da na'urar ji, wani abu da bai fi ƙwallon dabino ba, mai lanƙwasa da ake rataya shi a bayan kunne, Alhaji ya kawar da kai. "Ni? Sarkin Sauti? A maƙala mini wannan ƙwaron?"

Zulaihat ta matso ta tambayi likita abin da ke cikin na'urar, sannan ta sanar da shi da muryar gida: "Baba, wai akwai makirufo a ciki, da amfilifaya, da lasifika!"

Alhaji ya juyo. Ya karɓa, ya juya ta a tafin hannu. "Duk a nan? Ashe shago ne guda." Ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da ɗan garinsu a Makka. "To ai sai ku ce kayan sana'a ne. Wannan ba na marasa lafiya ba ne, na injiniyoyi ne."

Likita ta gwada masa a ɗakinta mai shiru, ta saita, ta yi masa gargaɗi. Ta ce ya fara sawa a gida kaɗan-kaɗan har kunne ya saba. Ya cire in zai yi alwala ko wanka. Kada ya sake tsayawa gaban lasifika, da na'ura ko babu. Alhaji ya ce, "Madalla," wannan karon kuma ya ji sarai.

Amma wa ya taɓa sa kayan Sallah kafin Sallah? Suna isa gida ya mayar da ita akwatinta, ya sa a ƙarƙashin sabuwar shaddar da ya ɗinka don sauka. Zulaihat ta yi magiya, Gwaggo ta yi, har maƙwabta suka haddace gargaɗin likita. Ya ce sabon abu sai ranar taro. Malam Bello ya zo ya ga akwatin da idonsa, ya ce aiki ya koma hannun mai shi.

Ranar sauka, filin makaranta ya cika. Rumfuna, kujerun roba, iyaye mata a gefe guda da kulolin abinci, masu sauka a jere cikin fararen kaya, kowa da allonsa mai zayyana. Tsohuwar bara ta dawo, da audugarta. Alhaji ya iso shadda tana ƙyalli, ya sa aka jera kaya, ya murɗa amfilifaya da hannunsa har kan ɗigon ƙarshe, ya sabunta ɗigon da jan fenti. Sannan ya yafito Zulaihat bayan rumfa, ta maƙala masa na'urar a kunne, ta kunna.

"Baba, don Allah kada ka je gaban…"

Ya riga ya tafi. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, gaban babbar lasifika, ya kara kunne, ya cika ƙirji da iska.

"HALO!"

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Abin da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da kewaye suka yi shekaru suna sha, ranar ya koma wa mai shi a dunƙule. Alhaji ya yi tsalle irin wanda ba a taɓa zaton tumbin zai yarda da shi ba. Hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma. Ya dafe kunnuwa, makirufo na hannunsa, ya kwarma:

"Innalillahi! Wane azzalumi ne ya ƙure wannan abin? Ba ya tsoron Allah? Akwai tsofaffi a wurin nan! Akwai jarirai!"

Ba wanda ya amsa. Mu mutane ne masu ladabi. Jama'a dai suka juya gaba ɗaya suka dubi amfilifaya. Alhaji ma ya duba. Ga abin murɗawa, ga jan fenti, ga kuma ɗan jan da bai gama fita daga farcensa ba.

Ya taka a hankali da takalmi ɗaya, ya kama abin murɗawar ya fara dawo da shi baya. Zulaihat tana kallo yana wuce shekaru: ya wuce Makka, ya wuce sunan Bilkisu, bai tsaya ba sai a kan koɗaɗɗen ɗigon nan na shekarar auren Gwaggo. Ya ce "halo" a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. Tsohuwa ta zare audugarta.

Aka fara karatu. Da layi ya zo kan Bilkisu, ta riƙe allonta ta fara, da wata murya siririya mai sanyi wadda ba ta taɓa amfani da ita a gida ba, don ba ta da amfani a can. Alhaji, wanda ya koma gefe ya zauna nesa da kayansa, ya miƙe zaune. Ya taɓa Zulaihat.

"Muryar wa ce wannan?"

"Bilkisu ce, Baba."

Ya kasa kunne har ta kai aya ta ƙarshe. Gwaggo Furera ta rantse daga inda take ta hango yana share ido da hannun riga. Shi ya ce turaren wuta ne ya yi yawa, duk da ba wanda ya kunna turare.

Kafin a tashi, ya nemi a ba shi dama ya yi jawabi. Ya ce yau jama'a sun shaida sabon tsarin da ya daɗe yana nazari a kai, mai suna sauti mai sanyi, wanda shi ne farkon wanda ya kawo shi jihar nan. Ya ce tsallen da aka ga ya yi darasi ne ga matasa, don su ga illar ƙara da idonsu. Ya ja kunnen masu kayan sauti na zamani da su ji tsoron Allah su daina cutar da mutane. Aka yi kabbara. Wani ɗan adaidaita a can baya ya ce wa abokinsa a hankali, "Halo-Halo ya tuba." Alhaji ya waiwaya ya zuba masa ido. Tun daga ranar 'yan bakin shago suka koma gulma da hannu.

Bayan kwana biyu, da safe, yana zaune a tsakar gida da na'urarsa a kunne, yana sauraron kukan kurciya kamar wanda aka kawo wa sabon rediyo. Zulaihat ta fito daga kicin ta sanar da shi yadda ta saba tun tana aji ɗaya:

"BABA, GA SHAYI!"

Kurciya ta tashi. Alhaji ya runtse ido, ya dafe ƙirji. Da ya farfaɗo, ya yafito ta. Ta zo ta durƙusa. Ya ja ta gefe, ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya, yadda ake yi wa mutum gyara.

"Zulaihat, ke yarinyar kirki ce, ga hankali, ga riƙon zumunci. Alfarma ɗaya nake nema a wurinki. Don girman Allah ki rage ihun nan. Ke da gwaggonki da ƙanwarki, duk ku rage. Gidan mutunci ne wannan. Ni dai na rasa inda kuka koyo shi."